Maganin Ƙarin Jini

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan La'asar

Zan rubuta abin da na gani kamar yadda na gan shi.

Na isa gida da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, a kan babur, daga wurin aikina a Babura. Gwaggo Dela, ƙanwar mahaifinmu, ita ta kira ni ta ce jikin Ikilima ya kwana huɗu da zafi. Ikilima 'yar yayana ce, marigayi Lauwali. Shekararta shida. Tana hannun mahaifiyarmu a ƙauye, tafiyar minti ashirin daga Gwiwa, tun da iyayenta suka rasu a shekara guda.

Na same ta a ɗakin Inna. An rufe ƙofa da taga, an lulluɓe ta da zane biyu duk da zafin da ake yi. Idanunta sun yi ja, sun kumbura, kwantsa ta manne su. Ƙananan ƙuraje sun taso daga bayan kunne, sun sauka fuska da ƙirji. Na ƙirga numfashinta da agogon hannuna: hamsin da biyu a minti ɗaya. Ni jami'in lafiyar dabbobi ne, ba likitan mutane ba, amma na san abin da wannan adadi yake nufi.

Inna ta ce, "Ƙyanda ce. Tana fita. Ka bar ta ta gama fita."

Na ce za mu tafi asibitin Kazaure.

Gwaggo Dela ta ce, "Su danna mata allura ta koma ciki? Likitan shanu, mutum fa ba maraƙi ba ne."

Na tambayi Inna inda maganin yarinyar yake, domin in tafi da shi. Ta nuna mini kwallar da ke saman jerenta. Na sauke, na buɗe. Kwalabe bakwai ne, farare, babu rubutu a jikinsu, domin ni nake ɓare takardar kafin in kawo. Kowace kwalba ta wata ɗaya ce. Biyu na wannan wata da mai zuwa ne. Biyar na watannin da suka wuce. Ba a buɗe ko ɗaya ba.

Inna ta ce, "Ai tun bayan kaka na daina ba ta. Kai ka ce na ƙarin jini ne. Ba ka ga kumatunta a lokacin ba? Yawan jini ma ciwo ne, Jalalu."

Na ɗauki yarinyar. Gwaggo Dela ta riƙe ta a bayana har Gwiwa, daga nan muka shiga mota.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

An ware mata ɗaki ita kaɗai saboda kada sauran yara su ɗauka. An sa mata robar iska a hanci. Ciwon ya sauka huhu.

Likita Ya Kura ce take dubanta, ita ce kuma take ganinta tun tana shekara biyu. Na ajiye mata kwalaben a kan tebur. Ta ɗaga ɗaya, ta duba murfin, ta mayar.

"Malam Jalaluddeen, wa yake ba ta?"

"Kakarta."

"Ta san na mene ne?"

Na mayar da idona kan kwalaben.

Ta ce, "To, na ji amsar."

Na fito da katin rigakafin yarinyar, domin na zo da shi. Ya cika. Allurar ƙyanda ta wata tara tana nan da kwanan watanta, ta biyun ma tana nan. Na ce mata ban gane ba. Na gane, amma ina so in ji daga bakin wani.

Ta ce kati yana shaida cewa an yi allura, ba ya shaida cewa jiki ya riƙe. Rigakafi darasi ne ake koya wa sojojin jiki, su ga kamannin cuta su adana. Ikilima ta karɓi nata tun kafin a san halin da take ciki, lokacin da ake ta kashe sojojin ba tare da magani ba. Waɗanda suka koyi darasin, da yawansu ba su rayu ba. Waɗanda aka samu daga baya ba su taɓa ganinsa ba. Sannan ga wata biyar babu magani.

Ni da kaina ina faɗa wa makiyaya haka a kowace shekara. Saniyar da ta rame, ko an yi mata allurar, ba na sa ta a lissafin waɗanda suka tsira.

Talata, bayan Magariba

Na duba abin da na rubuta jiya da yau, na ga ban ambaci sunan abin ba. Ikilima tana ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. Da ita ta taso tun tana jaririya. Ita ce ajalin mahaifinta da mahaifiyarta, Asma'u. Mutum uku ne muka sani a cikin masu rai: ni, matata Halimatussa'adiyya, da likita.

Na rubuta. Ba zan sake ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan Azahar

Inna ta iso da tabarmarta da butarta. Ta dubi robar hancin, ta dubi ledar ruwan da ke rataye, ta dube ni. Ta shimfiɗa tabarmar a gindin gado.

An dawo da yarinyar kan maganinta. Ma'aikaciyar jinya ce take narkawa a ruwa ta ba ta. Inna ta tambaya ko na mene ne wannan kuma. Ma'aikaciyar ta dube ni. Na ce na jiki ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan Asuba

Numfashi hamsin da takwas. Ba ta sha kunun ba.

Alhamis, bayan La'asar

Sakamakon jini ya fito. A watan Yunin bara, ranar ƙarshe da na kawo ta da ƙafarta, sojojin jikinta sun haura ɗari tara. Yau ɗari da tamanin ne. Tun daga Yuni ni kaɗai nake zuwa karɓar magani, ina cewa hanya ta yi nisa, yarinya kuma lafiyarta ƙalau. Dukkansu gaskiya ne a lokacin da na faɗa.

Halima ta kawo abinci daga gida. Da muka fito baranda ta ce, "Malam, ka faɗa mata."

Na ce ba yanzu ba.

"Shekara huɗu kana cewa ba yanzu ba."

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan an sauko

Da na dawo daga masallaci na tarar Inna ta naɗe tabarma, ta ɗaure kayanta, tana ƙoƙarin zare robar daga hancin yarinyar. Ƙurajen sun fara dushewa suna yin baƙi, wanda haka suke yi idan kwanakinsu sun cika. A wurin Inna kuwa wannan shi ne abin da ta ji tsoro.

"Ka gani? Sun mayar da ita ciki. Na yi rainon yara tara, huɗu sun yi ƙyanda a ɗakina, babu wanda aka huda. Kama mini ita mu tafi."

Na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ba za ta fita ba."

Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa ce mata a'a a gaban idonta ba. Ta daɗe tana dubana kamar mai neman gane baƙo. Sannan ta kwance ƙullin kayan. Ba ta shimfiɗa tabarmar ba, a kan siminti ta zauna.

Asabar, 12 ga Afrilu

Hamsin da huɗu.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Hamsin da huɗu. Idon hagu ba ya buɗewa. An ƙara mata bitamin ɗin ido.

Litinin, 14 ga Afrilu, da yamma

Na je Babura na nemi hutun mako biyu. Daga nan na biya ƙauye domin in ɗebo wa Inna zannuwa.

Masu rigakafi sun zo jiya saboda ɓarkewar ƙyandar. Gidaje da dama sun ƙi fito da yara. Musaddiƙ, ɗan Gwaggo Dela, ya tare ni a bakin rijiya.

"Yaya, kai ne mai boko. Yarinyar da ta fi kowa cika kati ita ce a gadon asibiti. To ta me za mu kai namu?"

Na tambaye shi 'ya'yansa biyu da aka yi wa allura tare da ita, ko akwai wanda ya kwanta. Ya ce babu. Na tambaye shi na gidan maƙwabcinsa da ba a taɓa yi musu ba. Ya ce uku suna kwance.

"To ita fa ta Lauwali?"

Na ce jikinta daban ne. Ya jira in ƙara. Na ce ya kai ƙaramin nasa gobe, masu allurar suna nan har Laraba. Ya ce zai duba. Ban san ko zai kai ba. Bayanin da zai gamsar da shi yana bakina, kuma ba nawa ba ne da zan raba a bakin rijiya.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Arba'in da biyu. Ta buɗe idon dama, ta dubi Inna, ta ce da wata 'yar murya kamar ta kaza, "Tsohuwa, wa kika bar wa tunkiyata?"

Inna ta ce, "Ji mini ja'ira. Kina kwance kamar buhun gero kina tambayar dukiya. Na sayar, na ci goro."

"Ƙarya kike, ba ki da haƙori."

Na fita baranda na ɗan jima.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan La'asar

Ta sha kunu rabin kofi. Ta ce babu sukari, Baffa marowaci ne.

Likita ta kira ni ofishinta. Ta ce in Allah ya so yarinyar ta haye wannan. Amma ƙyanda kanta tana share abin da jiki ya adana na sauran cututtuka, don haka watanni masu zuwa za ta zama kamar gidan da ba shi da danga. Abin da zai mayar da dangar shi ne maganin nan, kullum, babu tsallake. Idan sojojin sun dawo, za a zauna a duba waɗanne allurai ne za a sake mata. Yanzu ba za a yi ba, jikin ba zai amsa ba, wasu ma suna iya cutar da ita.

Sannan ta ce, "Ba zan sallame ta a hannun wanda bai san abin da yake bayarwa ba. Ko ka faɗa wa Inna, ko in taya ka faɗa, ko yarinya ta koma gidanka. Zaɓi ɗaya."

Na ce raba Inna da yarinyar nan kamar a sake yi mata rasuwa ne.

Ta ce, "To saura biyu."

Na ce akwai abin da ba ta sani ba game da gidanmu. Lauwali ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko yana raye ko bayan ransa. Ba ta yi kuka a gaban mutane ranar da aka kai shi ba. A gidanmu ba a zama da uwa a yi maganar irin wannan ciwo, balle a kan wannan ɗa.

Ta ce, "Mu ma a namu gidan haka ne, Malam. Amma ƙwayar ba ta jin kunyar kowa."

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ban faɗa ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

An cire robar hancin. Ban faɗa ba. Na shirya jimla huɗu, na soke uku.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan La'asar

Halima ta zauna da yarinyar. Na roƙi Inna ta fito mu sha iska. Muka zauna a gindin darbejiya a bayan ɗakin yara, ita a kan tabarma, ni a ƙasa.

Na ce, "Inna, maganin nan ba na ƙarin jini ba ne. Ni na faɗa miki haka, kuma ba gaskiya ba ne."

Ta ce, "Na mene ne?"

Na faɗa mata, da sunan da ake faɗa a rediyo. Na ce mai shan maganin yana girma, ya yi karatu, ya yi aure, ya haihu lafiya. Na ce ba a ɗauka a kwano ko a shimfiɗa. Na ce abubuwa da yawa, da sauri, ina kallon ƙasa.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "A ina ta samu?"

"A wurin haihuwa, ko a nono."

"Uwar ke nan."

"E."

Ta gyara bakin mayafinta.

"Shi wancan fa? Yayanka."

"Shi ma."

"Ya sani?"

"Ya sani, kusan shekara kafin rasuwarsa."

"Akwai maganin a lokacin?"

"Akwai."

"Ya sha?"

Wannan ce tambayar da ban shirya mata ba. Na ce ya karɓa sau ɗaya. Ya ce mini ba zai iya ajiye kwalba a gidan da kike shiga ɗakinsa ki yi shara ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta sa tafin hannunta a kan tabarma, ta danna, kamar mai jin ƙasa tana motsi. Ta ce, "Ni ce dodon, ashe."

Na ce ba haka ba ne.

"Ku biyu na ɗauka a cikina. Ɗaya ya gwammace kabari da in ga kwalba. Ɗaya ya ba ni kwalba ya ɓare mata baki. Jalalu, marar hankali kuka ɗauke ni, ko marar riƙon magana?"



Ta tashi ta naɗe tabarmar da kanta, ba ta bar ni na ɗauka ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na gaishe ta. Ta ce, "Lafiya." Shi ke nan.

Talata, 22 ga Afrilu

"Lafiya."

Ta karɓi kofin daga hannun ma'aikaciyar jinya, ita ta ba yarinyar. Ta tsaya har ta ga ƙasan kofin.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan Azahar

Ban san ta je ba sai da Halima ta gaya mini. Inna ta sa ta raka ta ofishin likita, suka yi kusan awa guda. Ta tambayi lokacin da ya fi dacewa a ba da maganin. Ta tambayi abin da za ta yi in yarinyar ta amayar. Ta tambaya ko ranar da jikinta ya yi kyau sosai ana ragewa. Likita ta ce ranar ce ma ake tabbatar da yana aiki. Inna ta sa aka maimaita mata wannan sau biyu.

Ta kuma tambayi allurar da ta zube, haka ta kira ta, ko ana iya sake zubawa. Likita ta ce ana iyawa, idan tulun ya daina yoyo, kuma toshe yoyon a hannunta yake.

Halima ta ce da suka fito Inna ta tsaya a baranda ta ce, "Wata biyar. Da hannuna na rufe kwallar." Halima ta ce mata ba laifinta ba ne. Inna ta ce, "Na wa ne? Ni nake kwana da ita."

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Idon hagu ya buɗe. Akwai ɗan farin tabo a kan baƙin. Ta ce tana ganin Baffa kamar a cikin hayaƙin murhu. Likita ba ta yi alkawari a kansa ba, ta rubuta mana takarda zuwa wurin masu ido. Na tambaye ta sau biyu ta hanyoyi daban-daban, ta ba ni amsa ɗaya.

Fatar jikin tana saɓa kamar dusa. Ikilima tana ɓarewa tana tara wa Inna a tafin hannu, wai kuɗin tunkiya.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan La'asar

An sallame mu. Za mu dawo bayan mako biyu, da yarinyar, da Inna. Likita ta ce daga yau ba za a ƙara ba ni magani ni kaɗai ba. Na ce daidai ne.

A tasha, kafin su shiga motar Gwiwa, na miƙa wa Inna ledar. Ta buɗe, ta fito da kwalba ɗaya, ta juya ta. Takardar tana jikinta.

Ta ce, "Ba na karatu. Amma kada ka ƙara ɓare mini komai."

Na ce to. Na tambaye ta abin da za ta ce wa Gwaggo Dela idan ta gani.

"Wannan nawa ne, ba naka ba. Na riƙe abin da ya fi wannan kafin a haife ka."

Ta ce bayan sallar Asuba za ta riƙa ba ta, domin ita ce ba ta taɓa wuce ta ba. Ikilima ta leƙo ta taga da idonta ɗaya a kanne, ta ce in zo ranar Juma'a da sukari. Inna ba ta ce in zo ba, ba ta kuma ce kada in zo ba.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan Magariba

Na je. Numfashi ashirin da shida. An buɗe kwalbar, adadin da ya rage daidai ne. Musaddiƙ ya kai ƙaramin nasa, tun a wancan makon.

Na karanta wannan littafi daga farko. Akwai gyara ɗaya.

Na rubuta kamar ranar bakwai ga Afrilu ce na fara ganin abin da ke cikin kwallar. Ba haka ba ne. A farkon Disamba, da na kawo magani, hannun Inna yana cikin ƙullu, ta ce in zuba da kaina. Na buɗe, na ga kwalbar Nuwamba da murfinta a rufe. Na riƙe ta a hannuna. Na san idan na tambaya, za ta tambaye ni me ya sa na damu haka da maganin ƙarin jini. Na mayar, na ɗora sababbin a kai, na rufe.

Wata ɗaya nata ne, bisa abin da na gaya mata. Huɗun nawa ne. Yau na faɗa mata haka a tsakar gida, kafin in ci abincinta.

Jalaluddeen Daudu